Tulun da Mama Damaris ta gina a bakin Nilu

Mama Damaris mai ginin tukwane ce. Ranar kasuwa takan kasa su a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, tana ƙwanƙwasa kowace da yatsa don mai saye ya ji ƙararta. Wurin kakarta ta koya a Zangon Kataf, kuma har ta cika shekara sittin ba ta taɓa wuce Jos ba.

A 1994 'yarta Bernice ta haihu a Alƙahira, inda mijinta Meshak yake aiki a ofishin jakadanci. Aka aiko wa Mama da tikiti ta je wankan jego. Matan zumuntar coci suka raka ta tasha da waƙa.

Da aka yi arba'in, Meshak ya ce Mama ba za ta koma gida ba sai ta ga Luksor, tsohon birnin Fir'aunoni a bakin kogin Nilu. Suka tafi har da jaririn.

A haikalin Karnak Mama ta bi ta tsakanin ragunan da aka sassaƙa da dutse, ta shiga cikin ginshiƙai. Ta ɗaga kai tana neman ƙarshensu har ɗankwalinta ya faɗi.

"Meshak, mutane ne suka ɗora wannan?"

"Mutane ne, Mama. Lokacin babu inji."

Ta sa suka kama hannu su uku za su rungumi ginshiƙi ɗaya, ko rabi ba su kai ba. Wasu Turawa suka shigo cikin da'irar, har yanzu da saura. Ta yi dariya har da hawaye.

Washegari suka haye kogi a kwalekwale zuwa kaburburan dā. Mai yi musu jagora yana ta lissafa sarakuna, ita kuwa ta tsaya gaban wani bango da aka zana manoma suna girbi.

"Bernice, zo ki gani. Tulun ruwa ne wannan. Duba wuyan shi."

A hanyar dawowa suka tarar da wani dattijo yana ginin tukunya, yana juya faifan da yumɓun ke kai da ƙafa. Mama ta tsuguna ta murza yumɓunsa da yatsu, ta gyaɗa kai. Ba ta jin Larabci, shi ma ba ya jin Hausa, amma ya yanko mata curi guda. Ta ɗaure zani, ta mulmula yumɓun tana ɗorawa, tana zagaya shi da baya yadda ta saba. Dattijon ya tsayar da faifansa, ya kira matarsa ta zo ta gani. Kafin shayin da aka kawo ya huce, tulu ya tsaya. Ta murɗa guntun igiya ta yi masa zane a kafaɗa.

Ɗanye ne, ba ya ɗaukuwa. Ta nuna wa mutumin wurin gashi, ta nuna ƙirjinsa, wato nasa ne.

Da ta dawo Kafanchan, sati biyu gidanta bai rabu da baƙi ba. Fasto ya ba ta minti biyar a coci ta ba da labari, ta ci rabin awa.

Ta ci gaba da gini har 1999, da gwiwa ta hana ta sunkuyo. Daga nan sai ta riƙa zama a kujera ƙarƙashin mangwaro, mata uku na unguwa suna gini a gabanta, tana gyara musu da baki.