Notin da Oga Rashidi Ya Ɗaura wa Babur Ɗina

Oga Rashidi ya rasu.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa.

Da safiyar yau labarin ya same ni. Ina tsakar gida a durƙushe ina duba iskar tayar babur, sai wayar ƙaninsa Kamaru ta shigo. Ya ce, "Malam, Yaya ya cika." Na ce masa wane yayan, kamar yana da su goma.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masu tambayata ko haɗari ne, ba haɗari ba ne. Ya dawo daga sallar Asuba, ya zauna a bencin ƙofar gida, ya ce a kawo masa koko. Kafin maiɗakinsa ta fito da kofin, ya jingina da bango. Mutumin da ya shekara da shekaru yana hawa duwatsu a kan babur, a zaune a benci ya tafi.

Kuma yau Asabar. Yau muka yi da shi za mu haɗu a dutse. Akwai wata magana da na faɗa masa mako uku da suka wuce, wadda na yi niyyar janyewa yau. Ban samu yi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Rashidi bakaniken babura ne a nan Funtua. Bayarabe ne, amma a garin nan aka haife shi, kuma in yana faɗa da kabureta Hausarsa ta fi tawa daɗin ji, ni da nake koyar da ita.

Ni kuwa hedimasta ne, shekarata arba'in da tara, kuma har bara ban iya babur ba. Ku yi dariyarku, na saba. A ƙasar da manomi ke ɗora buhun masara biyu a bayan mashin ya taho tun daga Bakori, ni keke kaɗai na sani. Kullum a bayan ɗan acaba nake, ina ɓoye abin kamar wata cuta.

Da likita ya ce sugana ya fara hawa, sai na motsa jiki, na tuna da wasu babura uku da na sha gani a garejin Rashidi. A cikin kayan kwatano suka zo masa. Ba su da wurin zama, ba su da fitila, a tsaye ake tuƙa su. Ba don gudu aka yi su ba, don hawa dutse da tsallake rami a hankali aka yi su. Mutane suna wucewa suna cewa ga mashin ɗin da aka manta ba a ƙarasa ƙerawa ba. Shi kuwa kowace Asabar yana can duwatsun hanyar Bakori da abokansa biyu suna ta fama.

Ranar da na je, sai da na jira garejin ya yi sauƙin mutane, sannan na matsa kusa na ce, "Oga, ban taɓa tuƙa mashin ba."

Bai yi dariya ba. Ko murmushi bai yi ba. Cewa ya yi, "To madalla, ba ka da mugun hannun da za mu sha wahalar gyarawa."

Tun daga wannan rana na ƙaunaci mutumin nan.

A cikin baburan uku, ni jan nake so, babban, mai sheƙi. Na nuna shi da yatsa kamar mai zaɓen ragon layya. Ya ce, "Tayar da shi." Na buga kik ya fi sau goma, gumi ya jiƙa min riga, a na ƙarshe ya dawo ya doke ni a ƙauri. Tabon yana nan.

Sai ya turo min ƙaramin, wani shuɗi da ya koɗe, duk jikinsa ƙarzuwa. Bugu biyu ya tashi.

Na ce, "Haba Oga, wannan ai na yara ne. Ni fa hedimasta ne."

Ya ce, "A makaranta kai ne hedimasta. A nan aji ɗaya kake. Ba mai ƙarfi za ka ɗauka ba, wanda zai yafe maka kuskure za ka ɗauka. Kuma tsohon ya fi, don sai ka yar da shi sau ɗari."

Na yar da shi fiye da haka.

Tun daga nan ya sa min suna Aji Ɗaya. Amma bai taɓa kirana da shi a inda ɗalibaina ko malamaina za su ji ba. In mun haɗu a cikin gari, Malam Hedimasta nake, har da ɗan rusunawa.

Wurin koyon ma da gangan ya zaɓi bayan dutse, inda ba mai wucewa sai masu kiwo, don kada a gan ni ina tumurmusa a ƙasa.

Hular kwanonsa ya ba ni na yi wata biyu da ita, shi yana ɗaura wata tsohuwa mai tsagewa.

Da ya ji zancen sugana, sai gorar zoɓon da yake zuwa da ita ta zama biyu. Tawa ba sukari. Ban roƙa ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni.

Mako uku da suka wuce wani abokina daga Malumfashi ya zo gidana, ya san mashin sosai. Ya murɗa totur ɗin babur ɗina, ya sake murɗawa, ya ce, "Malam, an ɗaure maka wannan. Rabi kawai yake buɗewa." Ya nuna min wani ɗan noti da aka sa ya tokare shi.

Waɗanda suka san ni sun san zuciyata. Ko takalmin kirki ban sa ba na nufi gareji. Akwai mutane a wurin, aƙalla bakwai ko takwas, har da masu jiran gyara. Na ce ya mayar da ni yaro. Na ce ya ba ni gurgun mashin ya yi shiru. Sannan na ce, "Na ɗauka kai mai amana ne."

Wannan ita ce maganar.

Ya ajiye sifana, ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Ni na ɗaura. Da na gaya maka, da a ranar ka sa an cire. Hannunka yana da fushi, Hedimasta. In ka tsorata murɗawa kake yi, ba saki ba. Ranar da ka tsaya cak a kan mashin ɗin nan, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba har na ƙirga ashirin, da hannuna zan cire maka."

Na juya ko sallama ban yi ba.

Ban kai gida ba na tuna wata Asabar da damina, da taya ta zame min a bakin wani kwazazzabo. Na firgita na murɗe totur har ƙarshe. Babur ɗin ya yi gurnani kawai, ya ɗan zabura ya tsaya. A lokacin har haushinsa na ji, na ce ba shi da ƙarfi. Da a buɗe yake gaba ɗaya, ban san wa zai rubuta muku wannan ba.

Na gane gaskiyarsa tun a ranar. Amma girman kai ya ce min kada in koma da baki kawai, in bari sai na kai ashirin ɗin, in haɗa haƙurin da abin nunawa. Dabarar hedimasta ke nan, komai sai an yi masa ranar biki.

Kowace safiya ina tsakar gida a tsaye a kan babur, injin a kashe, ina lilo kamar zakara a kan katanga, uwargida tana ƙirga min. Ita ma ta ce, "Malam, ka je ka ba mutumin nan haƙuri mana, ƙirgan zai jira." Na ce mata ta ci gaba da ƙirgawa.

Ranar Laraba na gan shi a kasuwa yana sayen lemo. Na so in kauce, ya riga ya hango ni. Ya matso sosai yadda ba mai ji, ya ce, "Aji Ɗaya, nawa ka kai?"

Na ce sha bakwai.

Ya yi dariya har da dafa kafaɗata. "Asabar ka zo da ragowar ukun. Ni zan zo da sifana."

Wallahi haƙurin yana bakina. Na ji shi a kan harshena. Na haɗiye, na ce a raina saura kwana uku. Ya sa min lemo biyu a aljihu ya wuce, kuma ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Jiya Juma'a na kai ashirin da biyu. Sau biyu uwargida ta ƙirga. Na hana ta faɗa wa kowa, wai sai ya gani da idonsa.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Jama'ar da ta taru ta ba ni mamaki, 'yan acaba, manoma daga ƙauyuka, 'yan kasuwa, har da abokan ƙuruciyarsa Kiristoci da suka tsaya daga gefe suna share hawaye. Kowa da irin alherin da yake ba da labari.

Muna dawowa Kamaru ya ja ni gefe. Ya miƙo min hular kwanon nan da na taɓa ara. A cikinta akwai ƙaramar sifana. Ya ce, "Tun jiya da yamma Yaya ya sa ta a nan don kada ya manta. Ya ce gobe za a yaye Hedimasta."

Bai ma jira ya ga ko zan kai ba. Ya riga ya yarda zan kai.

A nan na zauna a ƙasa a gaban mutane, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Kamaru ya ce in na so, in an share makoki zai zo ya cire min notin. Na gode masa, na ce a bar shi. Wanda ya ɗaura bai ƙirga ba.

A gaban mutane na faɗi waccan magana, don haka a gaban mutane nake janye ta. Duk wanda yake garejin nan a ranar, da duk wanda aka kai wa labari, ku shaida: ƙarya na yi. Rashidi mai amana ne. Ya gwammace in zage shi da in karye.

Oga, na kai ashirin da biyu. Ka yafe min.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Rashidi, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa min asiri a bayan dutse, ka rufa masa nasa ranar tsayuwa. Ka ba maiɗakinsa da 'ya'yansa da Kamaru haƙurin wannan rashi.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya sa ya tafi ba ya riƙe da ni.