Kawuna Ya Ce In Kawo Shaidar Cewa Ni Ne Ni

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan fili. Na daɗe ina bin labaran mutane a nan ina jinjina kai, sai ka ce ni ba ni da nawa, alhali nawa ya fi na mutane da yawa ban kunya. Yau na ce bari in sauke shi, tunda duk waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai.

A shekarun da Turawa ke shirin tattara komatsansu, ni saurayi ne ɗan wajen shekara ashirin, a wani ƙauye tsakanin Kebbe da Tambuwal. Mahaifinmu ya rasu tun muna ƙanana, muka koma hannun Kawu, yayan Inna, wanda malami ne mai son gardama da bin diddigi. Ni kuwa halina biyu ne da kowa ya sani: saurin fushi da shegen son sanin ƙwaƙwaf. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, ita kuma jinin Fulani ce, don haka alkunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, in na shigo tsakar gida sai ta ja mayafi ta juya baya. Tun da aka yaye ni kakata ce ta ɗauke ni. Kowa ya san al'ada ce, ni ma na sani, amma hakan bai hana zuciyata tafasa ba duk lokacin da na ga tana wasa da ƙanena tana kiransa da sunaye iri-iri. Ranar da zan tafi cin rani Kurmi, duk gida aka fito rakiya, ita ko leƙowa ba ta yi ba. Na tafi da wannan abin a raina.

A can Kurmi ne shaiɗan ya kawo mini wata tambaya da ta hana ni sakat: in aka ce na mutu, Inna za ta yi kuka kuwa? Na yi ta juya abin har ya zame mini kamar ƙaiƙayi. A al'adar matafiya, in mutum ya rasu a baƙon wuri, akan ɗauki wani abu nasa a kai gida a matsayin shaida. Na samu labarin wani dattijo mutumin Jabo zai koma gida, mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Na cire layar da kakata ta rataya mini tun ina yaro, na haɗa da rigata ta saƙi, na ba wani abokin dako ya kai masa, ya ce masa kwalekwale ya kife da ni, ba a ga gawa ba. Dattijon bai san komai ba, ya karɓa da hawaye ya kai. Niyyata in bi bayansa bayan wata guda, in ji yadda aka yi, a yi dariya a wuce. Sai labari ya iso ni cewa an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, liman ya yi addu'a. Kunya ta kama ni, na ce sai baɗi. Baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, na nausa gaba har ƙasar Gwanja. A can ciwon agana ya kwantar da ni, na tashi zanzana ta cinye mini fuska har tsagar gidanmu ta ɓace a ciki. Shekara tara na yi ina matacce.

Abin da ya dawo da ni shi ne wani fatake da ya ce mini ya ratsa ƙauyenmu, ya ji ana zancen ƙanwar malam da idanunta suka rufe. Lokacin an riga an sami 'yancin kai, ana zamanin Jihar Arewa. Na sauka daga mota a Tambuwal, na ƙarasa sauran hanyar a ƙasa, ina ta shirya yadda za a rungume ni. Da na yi sallama a ƙofar gida na faɗi ko ni wane ne, mata suka watse da salati, wata har ta bar tulunta a ƙasa. Wasu suka ce fatalwa ce. Wannan bai ba ni wuya ba, don aka kawo tuwon dawa na cinye tas a gaban jama'a, aka duba aka ga ina da inuwa, sawuna kuma yana fita a ƙasa. Kawu ya zauna a kan buzunsa ya ƙare mini kallo, sannan ya ce ya yarda ni mutum ne mai rai, wannan an gama. Abin da ya rage shi ne wane mutum. Ya ce ɗan ƙanwarsa ya rasu da shaidar mutumin kirki, wanda shi ma yanzu ba ya duniya balle a sake tambayarsa, don haka in kawo shaidar cewa ni ne ni.

Na yi dariya, don na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na jero masa kakanninmu har hawa biyar, ya ce duk marokin da ke cin kasuwar Kebbe zai iya jero su har bakwai. Na faɗi iyakar gonarmu, da tsamiyar da ke gabas da ita, da sunan jakin da muka taɓa yi, ya ce wanda ya kwana zango ɗaya da marigayin zai ji fiye da haka, domin ɗan cin rani ba shi da hira sai ta gida. Na ɗage wando na nuna tabon fartanya a ƙaurina, sai ya sa mazan da ke wurin su ma suka ɗage nasu, kusan kowa da irinsa. Ƙanena yaro ne lokacin da na tafi, ya dube ni ya dube ni, ya ce shi dai ba zai rantse ba. Kakata da za ta gane ni ko a cikin buhu ta rasu. Hausata ma ta ci amanata, don ta gauraya da ta mutanen zango. Kawu bai yi fushi ba, kamar ma daɗin abin yake ji, kowace hujja na kawo sai ya juya ta kamar mai duba goro ya ajiye gefe.

A rana ta uku ya yi mini tambayar da ta karya ni. Ya ce in ni ne, yaya aka yi laya ta bar wuyana da raina? Da farko na so in yi kwana-kwana, daga baya na faɗi gaskiya duka a gaban dattawa. Kawu ya ce to yanzu magana ta ƙara cakuɗewa. In ba ni ba ne, to maƙaryaci ne ni yau. In kuwa ni ne, to maƙaryaci ne ni tun shekara tara da suka wuce, kuma ƙarya mafi muni. Ko ta ina aka bi, shaidata ta maƙaryaci ce, shi kuma bai san inda ake karɓar irinta ba. Ya ƙara da cewa ya fi masa sauƙi ya yarda yaron ya nutse a ruwa da ya yarda ya yi wa uwarsa haka. Amma ya ce ba a korar baƙo, in zauna a zaure in ci abincin gida har Allah ya bayyana gaskiya. Ya kuma hana kowa gaya wa Inna zancen layar.

Haka na zama baƙo a gidanmu. Ina bin su gona, ina huɗa a ƙasar da na sani kamar tafin hannuna, ana ce mini sannu baƙo. Abin mamaki, maimakon fushi sai tambayar Kawu ta shige ni. Da rana tsaka in an zauna hutawa sai in dubi hannuwana in ce, to da me zan tabbatar? Fuskar ba ita ba ce, muryar ta yi kauri, haƙora biyu sun tafi, halin ma ya canza. Abin da ya rage shi ne abubuwan da nake tunawa, su kuma ba a buɗe kai a nuna su. Har na fara tunanin ashe mutum ba shi ke riƙe da kansa shi kaɗai ba, rabinsa yana hannun mutanen da suka san shi, in suka saki, sai ya tsaya yana ta rantsuwa a banza. Ni da hannuna na sa suka saki.

Inna kuwa aka gaya mata ga wani ya zo yana cewa shi ne ɗanta, amma Kawu bai gamsu ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Bayan kwana biyu ta aiko a kira mata baƙon nan da ya zauna da yaron a Kurmi. Na same ta bayan la'asar a bakin ɗakinta tana kaɗin zare, don makanta ba ta raba ta da mazari ba. Ta gaishe ni da fara'a, ta sa aka ba ni fura, ta fuskance ni sosai. A rayuwata ban taɓa ganin fuskarta kusa haka ba. Ta tambaye ni ko yaron yana cin abinci a can, ko ciwon cikinsa na damina ya bar shi. Na ce mata ai ni ne, sai ta wuce zancen kamar ba ta ji ba. Daga ranar kusan kullum sai ta kira ni, tana ba ni labarin ɗanta na fari. Ta ce furar da kakarsa ke ba shi ita ke damawa, ta zaɓi mai kyau ta aika a ɓoye. Ta ce lokacin da ya yi ƙyanda a bayan danga take wuni tana sauraron numfashinsa. Ta ce ranar da zai tafi ta bi ta bayan gida ta hau tudun da ke yamma da gari, ta tsaya har ya ɓace mata, ta dawo aka tambaye ta ta ce itace ta je nema. Ina zaune ina jin wannan duka, hawaye na zuba cikin furar.

Nan na shiga tsaka mai wuya. Ina so ta karɓe ni a matsayin ɗanta, amma na san ranar da ta karɓa wannan hirar ta ƙare. Na ɗauki fiye da wata guda ina cin moriyar baƙunta, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin wasu kwanaki kamar su ba. Sai dai ƙaryar da ke cikina ta hana ni sukuni, domin tana ta yabon yaron da bai cancanci yabo ba. Wata rana na karya umarnin Kawu. Na durƙusa na gaya mata komai, cewa babu kwalekwalen da ya kife, ni na aiko da layar, kuma ba don komai ba sai don in ji ko za ta yi kuka. Mazarin ya tsaya. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa: "Ta yi kuka, in shi kaka son sani. Shi yac cinye idanun." Daga nan ta lalubi mayafinta ta ja, ta juya mini baya.

Ashe Kawu yana tsaye bakin rumbu yana kallo. Ya matso ya dubi bayan ƙanwarsa, ya dube ni, sannan ya kira ƙanena ya ce ya kwashe tabarmar yayansa daga zaure ya kai cikin gida. Ya ce shi dai har gobe hujjojina ba su ci ba, amma ƙanwarsa ba ta taɓa juya wa baƙo baya ba. Tun daga ranar Inna ba ta sake yi mini magana ba. Na roƙi gafararta ta bakin Kawu, ya dawo ya ce ta ce babu komai. Da damina ta zagayo ta rasu.

Har yau da furfura ta rufe ni ina tambayar kaina yaushe ta gane ni. A ranar ƙarshe ne, ko tun sallamar farko ta ɗauki muryata, ta ga Allah ya ba ta hanyar da za ta faɗa wa ɗanta abin da al'ada ta hana ta, ta yi shiru da bakinta? Ban sani ba, kuma wannan karon na koyi barin tambaya inda take. Abin da na sani shi ne na kasa tabbatar da kaina da bakina, sai wadda na zalunta ce ta tabbatar da ni. Ina jan kunnen matasa, musamman masu ganin kamar ba a damu da su a gida ba: kada ku gwada son iyaye don ku ga iyakarsa, ba kowane so ne ke da baki ba. Ni na gwada, na kuma sami amsar da nake nema, amma da idanun mahaifiyata aka biya. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.