Aljihun Baban Waya

A kamfanin haɗa injuna masu sarrafa kansu, Baban Waya ake ce masa, don babu wata wayar lantarki da ta taɓa gagarar yatsunsa. Da aka ƙara masa girma ya zama shugaban injiniyoyi, sai aka ba shi ofis a sama, da kujera mai juyawa wadda ya tsana kamar ciwon haƙori. Manaja ya ce masa, "Yanzu aikinka ka bar na baya su koya."

Ran nan injin jera kwalaye ya tsaya cak. Ya sauko ya tarar da wata sabuwar injiniya durƙushe gaban akwatin wuta, zufa na ɗiga daga haɓarta. Kallo ɗaya ya yi ya hango wayar da ta saki. Yatsunsa suka fara ƙaiƙayi. Sai ya cusa hannuwansa a aljihu, ya dunƙule su tamau.

"Baba, ko za ka duba?" ta ce.

"Ni? Ai idona ya tsufa, 'yata. Bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina nan."

Ta bi, ta ɓata, ta sake bi. Can injin ya yi tari ya tashi, ta miƙe tana dariya har da ƙwalla.

Da yamma matarsa ta ɗaga wandon aikinsa, ta ga aljihunan duka biyu sun ɓarke.

"Maigida, kokawa kuka yi a wurin aiki?"

"Da hannuwana na yi," ya ce. "Yau dai na kayar da su."