Gogen Jikar Hajiya

Duk tarihin wayewar ɗan Adam, in aka tace shi, tambaya ɗaya ce: ɗan wa ya halatta ya riƙe goge? Ni a falona na Bronx, a Amurka, aka yi mini ita, shekarar da mahaifiyata ta zo daga Kano duba idonta, ta tarar da 'yata ta fari da goge a ƙarƙashin haɓa. A makaranta aka koya mata, har an sa ta cikin ƙungiyar makaɗan yara.

"Tun kakanninmu ba mu yi maroƙi ba," in ji Hajiya. "Sai ka ƙetare teku ka haifo mana 'yar bori?"

Yarinyar ta ba da amsa da Turanci, na ƙi fassarawa. Hajiya ta yanke hukunci: kafin ta koma gida, gogen ya bar gidan.

Malamin makaranta irina ba shi da makami sai littafi. Na aro tarihin babbar ƙungiyar makaɗan birnin, wadda ta girmi kakan kakana, ina karantawa a jirgin ƙasa bayan na tashi aiki, ina gyangyaɗi. Asali nake nema musu. Abin da na samu bai taimake ni ba. Magabatan sana'ar a Turai barorin sarakuna ne, tare da masu dafa abinci suke cin tuwo. Na nan kuma shekara da shekaru suna bin ƙofar attajirai. Wato maroƙa ne, sai dai da kwat.

Da hujja ta ƙare, na saya mana tikitin kallon wasansu, can saman bene inda makaɗan suke kamar tururuwa. Hajiya ta hau matakala tana hutawa, ni ina riƙe da jakarta.

Ta daɗe tana kallo. Can ta zungure ni.

"Wa suke wa kirari?"

"Babu kowa, Hajiya."

"Liƙi fa?"

"Ba a yi."

"To, meye wancan a gabansu?"

Na ce takarda ce, kiɗan a rubuce yake, karantawa suke yi. Ta gyara tabarau. Mutum kusan ɗari, kowa ido a kan takarda, ga wani tsoho a tsaye da tsumagiya yana lura da su. Wannan kam ta san shi.

"Ashe makaranta ce," ta ce, ta yi barcinta har aka tashi.

Da safe ta kira jikar. "Ke ja'ira, zo ki biya mini karatunki na jiya." Yarinyar ta goga, Hajiya ta jure, har ta sa albarka. Ta koma Kano tana gaya wa dangi jikarta tana karatun goge a Amurka.

Gogen haya ne. Kafin hutun ƙarshen shekara na mayar da shi shago, domin yarinyar ta koma ƙwallon kwando.