Baba Arzika Mai Remok, Wanda Ya Ce a Jira Gobe

Ranar Talata bayan la'asar ina wanke motar ɗaukar marasa lafiya a gidan likitan da nake aiki, can wajen Gesheme, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Baba Arzika ce, amma muryar ba tasa ba ce. Wani manomi ne, ya ce sunansa Gado, gonarsa tana bakin hanyar Dogon Kiriya. Ya ce, "Kai ne Isufu? Sunanka na gani bisa cikin wayar. Mai wayar ga mota ta faɗa mishi, ya cika." Na ce wace mota? Ya ce, "Wadda sunka ɗora bisa remok, wata kat-kat fara." Na yi salati, na zauna a ƙasa cikin ruwan sabulu. Na daɗe ban tashi ba, domin a duk Arewa babu mutumin da zan ce kat-kat za ta zamo daga remok ta kashe shi kamar wannan dattijon.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Arzika mai walda ne, garejinsa yana bakin gudro, wato titin kwalta, a Dogon Dutsi. Shekarun baya, da motocin daji da muke kira kat-kat suka yi yawa a wajenmu, ya ƙera remok guda biyu, wato amalanken ƙarfe da mota ke ja. Babban yana da taya huɗu da birkinsa na kansa, shi ne na ɗaukar mota. Ƙaramin taya biyu gare shi, na buhunan hatsi ne da injin niƙa. In kat-kat ta mutu a yashin Sukukutane ko ta karye a wani kwari, shi ake kira ya ɗauko ta.

Haka na san shi. Ina sabon direba, motar likita ta tsaya mini a daji bayan na mayar da wata mai jego gida. Na wuni cikin rana. Da ya iso, kafin ya kalli motar sai da ya miƙo mini gorar ruwa da dunƙulen fura da ya saya a hanya, ya ce wanda ya wuni a yashi ba ya jin magana sai ya sha wani abu. Bayan na sha, na shiga gaggawa, na ce mu ɗora mu tafi. Ya ƙi. Ya ce inda muke akwai gangara, sai mun tura motar zuwa wuri mai daidai. Muka tura. Ya sa duwatsu gaba da bayan tayoyin remok, ya jijjiga ƙugiyar da ta haɗa shi da motar ja, ya tabbatar ta kama, sannan muka hau da motar likitan a hankali, hancinta a gaba. Ya tsaya gefe yana duban yadda bakin remok ke sauka, ya ce in ƙara gaba taki guda, ya ce ya yi yawa, in dawo rabi. Ya ɗaure kowace taya da ɗamararta, huɗu, ya gicciya sarƙa biyu a ƙarƙashin bakin remok. Ya sa na ja birkin hannu, na bar ta cikin giya, na kwashe jarkoki da kayan aiki daga bayanta. Ba mu yi nisa ba ya tsaya, ya sauka ya sake matse ɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, yanzu fa munka ɗaure." Ya ce, "Ɗazu tana tsaye munka ɗaure. Yanzu ta yi tahiya, taɓa ka ji." Na taɓa, biyu sun saki.

Daga ranar, duk lokacin da na shigo Dutsi sai na biya garejinsa, har ya zame mini uba. Na ji shi yana faɗa wa masu mota maganganu iri ɗaya ba ya gajiya. Yakan ce, "Inji gaba, kullum. In nauyi ya koma baya, remok ne zai tuƙa ka." In mutum ya kawo igiya, sai ya karɓa ya mayar masa cikin ladabi, ya ce ta yi kyau ga ɗaurin kara. Kafin ya yarda ya ɗauki mota, sai ya nemi takardarta ya duba nauyinta, duk da karatunsa na lakwal bai wuce aji uku ba. Lambobin kawai ya sani, kuma ya san iyakar abin da ƙarfensa zai ɗauka.

Wannan hali bai sa an so shi a ko'ina ba. Na ga ranar da wani babban ma'aikaci ya nace sai ya zauna cikin motarsa tana bisa remok, wai kujerar motar ja ta yi masa tauri. Baba Arzika ya cire hularsa, ya ce, "Ranka shi daɗe, ko ka zamna kusa gare ni, ko motar ta kwana nan." Mutumin ya yi ta faɗa, ya ambaci manyan da ya sani a Dosso, daga ƙarshe ya zauna kusa da shi. A tasha ana yi masa laƙabi da mai naci. Yakan tsayar da baƙon da bai taɓa gani ba don ya nuna masa sarƙarsa na jan ƙasa, wani ya gode, wani ya zage shi.

Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. Yana matashi ya taɓa ɗaure mota da igiya, igiyar ta tsinke, motar ta karya ƙafar abokin aikinsa, ƙafar ba ta ƙara miƙewa ba. Mutumin yana nan da rai a wani ƙauye kusa da Tibiri. Kowace Sallah Baba Arzika yakan hau babur ya je gaishe shi, kuma bai taɓa ce mini ƙaddara ce ta karya ƙafar ba. Cewa ya yi, "Ni na ɗaure."

Yanzu ga abin da ya faru, kamar yadda makwabtansa na gareji da Gado suka shaida mini. Ranar Litinin wani ɗan kasuwa na garinmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda mahaifiyarsa, ya zo ya ce yana da kat-kat da ta lalace a Dogon Kiriya, yana so a ɗauko ta washegari da safe. Babban remok yana kwance, an cire birkinsa ana gyara. Baba Arzika ya ce ya jira zuwa Laraba, kwana ɗaya kan abin da ya nema. Ɗan kasuwan ya ce akwai mai saye da zai tsallako iyaka, a ba shi ƙaramin. Baba ya ce ƙaramin ba ya ɗaukar rabin wannan motar, ko ɗansa na cikinsa ba zai ba shi ba. Ɗan kasuwan ya fita yana cewa tsoho ya cika wahalar da mutane. Ya samo wani remok mai taya biyu a wani wuri, suka ɗora motar da baya saboda ta nan ta fi sauƙin turawa, suka ɗaure ta da igiyar rijiya.

A hanya remok ya kama rawa, yana wurga motar ja hagu da dama, har tayar remok ɗaya ta fashe suka tsaya a karkace kan wata gangara. Wa suka kira? Tsohon da ya cika wahalar da mutane. Matarsa, Inna Hajo, ta ce masa kada ya je. Ya ce mata hanyar ta masu amalanke ce da mata masu komawa daga kasuwa, in motar nan ta zamo ba mai ita za ta kashe ba. Ya ɗauki sarƙoƙinsa, ya hau babur.

Gado yana cikin gonarsa, ya ji komai. Ya ce da isar Baba, ya zagaya sau ɗaya ya ce, "Kada kowa shi taɓa komi. Kada a raba remok da motar ja sai na sa duwatsu." Sau biyu ya faɗa. Ya ɗauko dutse, ya durƙusa a baya yana turawa ƙarƙashin taya. A daidai nan ɗan kasuwan ya ce wa direbansa ya zare ƙugiyar, motar ja ta tafi gari ta sayo taya, kada a ɓata lokaci. Direban ya zare. Bakin remok ya tashi sama, nauyin injin ya danne baya, igiyar ta tsinke, motar ta gangaro kan Baba Arzika. Gado ya ce Baba bai yi magana ba bayan haka sai kalmar shahada.

Na yi imani da ajali, kuma na san Baba bai ƙara minti ɗaya kan kwanansa ba, bai rage ba. Amma abin da na ji a zaman makoki ya ƙona mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa. Ɗan kasuwan ya shigo cikin farar shadda, ya zauna kan tabarma, ya ce, "Allah ya yi, babu yadda za mu yi." Mutane suka amsa masa, har da waɗanda suka san an ce masa ya jira, an hana shi ƙaramin remok, an ce kada a zare ƙugiya. Sau uku aka ba shi yadda zai yi. Tun yaushe sunan Allah ya zama mayafin da mai ganganci zai lulluɓa da shi ya shigo gidan mamaci? Na yunƙura zan tashi, limamin unguwa ya riƙe mini hannu. Sai muka ji muryar Inna Hajo daga bayan zana, ba ta ɗaga ta ba. Ta ce, "Alhaji, na karɓi gaisuwarka. Amma mai gidan nan ya ce maka ka jira, ka ce ba ka da lokaci. Yau ga ka zamne tun hantsi." Ɗan kasuwan bai daɗe ba ya nemi takalmansa.

Jandarmomi sun je sun auna, sun rubuta, maganar tana hannunsu, ba ni da ta cewa a kanta. Tawa maganar da mutanen garina ce. Kwana huɗu bayan jana'iza na wuce tasha, na ga wata kat-kat bisa remok na buhuna, ɗaure da igiya, mutum biyu zaune a cikinta suna cin gyaɗa. Wasu daga cikin masu ɗaurin sun yi sallar gawar Baba, na gan su a sahu. Na tsaya na yi musu magana, ɗaya ya yi dariya ya ce mai naci ya bar magaji. Na kashe motata a gabansu na toshe hanya, ban matsa ba sai da suka sauke ta. An kai ƙarata wurin shugabana, na kuma gaya masa in na sake gani zan sake yi.

Ba zan ɓoye ba, har yau zuciyata ba ta sauko ba, ina roƙon Allah Ya sanyaya ta. Baba da kansa ba mai riƙo ba ne, ya tafi taimakon wanda ya zage shi jiya. Ni ban kai nan ba tukuna.

Ya Allah, ga bawanKa Arzika ya zo gare Ka, ya fita daga gidansa don ya kawar da cuta daga hanyar mutane. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya Aljanna ta zama makomarsa. Ka ba Inna Hajo haƙuri da lafiya, Ka raya ƴaƴansa Rabi da Hamidu da Salamatu, Ka tsare su daga buƙatar mugun mutum. Ka saka wa Gado da alheri, shi da ya rufe masa ido ya zauna da gawarsa cikin rana har muka iso. Wanda ya zama sanadi, Ka sa ya faɗi gaskiya da bakinsa tun yana da rai. Mu da muka rage bisa waɗannan hanyoyi, Ka kyautata ƙarshenmu. Amin.