Yakuwar Kakata a Ka'akiyya

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha shida, baladiyya, wato hukumar gari, ta tashe mu daga unguwarmu a birni mai tsarki saboda za a fitar da titi. Lokacin ba a ma shiga shekarun saba'in ba. Muka koma unguwar Ka'akiyya a bayan gari, inda babu komai sai duwatsu da rana. Kowa na jimamin ɗakinsa, kakata kuwa, mahaifiyar babana, lambunta take jimami.

Lambun bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma shekara ashirin ta yi tana renonsa da ruwan alwala da na wankin shinkafa, don ruwa sai an kawo mana a garwa. Asalin irin kuwa a ƙulle ta taho da shi daga gida ƙasar Hausa, ta Chadi da Sudan. Ni dai a idona daji ne: zogale a sama, rama da yakuwa a ƙarƙashinsa, kabewa ta malale ƙasa, ko wurin sa ƙafa babu.

Lokacin idonta ya riga ya tafi, sai inuwa-inuwa take gani. Saboda haka ni ta danƙa wa ƙullin iri. Ni kuma ga ni 'yar makaranta, na taɓa ganin hoton gona a littafi, komai a layinsa. Na ce yau zan nuna wa tsohuwa zamani. Na ja layi, rama nan, yakuwa can, kabewa a lungu ita kaɗai. Ban tambaye ta komai ba.

Suka tsiro gwanin sha'awa. Kwana goma rana ta soye su ƙurmus.

Na ɓoye mata har kwana biyu. Ran na uku ta ce, "Ke, kama hannuna, kai ni in gaishe su." Ta durƙusa tana lalube, ta murza busasshen ganye a yatsunta, ta shafa ƙasar har ƙarshen layi. Na fashe da kuka.

"Wallahi Kaka, kullum ina ba su moya."

"Na sani, 'yar nan. Ba ƙishi ya kashe su ba. Raba su kika yi. Zogale ne ke tare wa yakuwa rana, kabewa ce ke rufe ƙasa kada ta yi zafi. A gonar babana, bakin kurmi, ba abin da ke zaune shi kaɗai."

Na ce, "Halas, shi ke nan, na ƙarar miki da iri."

Sai ta yi dariya, ta kwance bakin zanenta. Ƙwayar yakuwa tara. "Na san halinki, ai ni na yaye ki."

Ta hana ni shuka su. Muka fara kafa rassan zogalen da babana ya saro daga tsohon gida, muka zuba takin tumakin da ya kwaso bayan aikin hajji, sannan kabewar da muka roƙo iri wajen wata maƙwabciya. Wata huɗu ina jira, ita tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana tambaya, ni ina zama idonta. Wane launi ganyen ya yi? Inuwar ta kai ina da azahar? In na amsa da Larabci sai ta yi shiru, har sai na nemo Hausarsa.

Ran da ta ce in shuka, na binne su ɗaya bayan ɗaya a inuwar zogale. Cikin taran, huɗu suka tsiro. Da na yi mata miyar farko, ta sha, sannan ta ce gishiri ya yi yawa. Amma ta nemi ƙari.

Bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa. Na koyi abu da yawa a wurinta, sai dai na makara wajen tambaya. Akwai wani ɗan ganye mai ƙamshi da ya fito da kansa daga ƙasar da muka ɗebo a tsohon lambu, wanda take jiƙa wa jarirai in cikinsu na murɗa. Sau ɗaya ta faɗa mini sunansa, hankalina na wani wuri. Shekara da shekaru ina nuna wa alhazan da suka zo daga gida, kowa ya shinshina ya girgiza kai. Har yau yana nan a tukunya bakin tagata, jikokina suna ce masa ganyen Kaka. Su a zatonsu ni ake nufi, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.