Rijiyar Uwar Yara da Igiyata Mai Ƙulli Talatin

Lokacin da nake aikin dubagari a ƙarƙashin En'e, kayan aikina uku ne: littafi, fensir, da igiyar awo mai ƙulli talatin. Da ita nake auna tsakanin rijiya da shadda, wato masai. In igiya ta ƙare ban kai bakin shadda ba, gida ya tsira. In na kai da sauran ƙulli a hannuna, sai in rubuta. Ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, shi ya sa daga Birnin Gwari har ƙauyukan Gayam ba mai gayyata ta suna.

A shekarun da ake wankin zinariya a daji, aka tura ni wani barikin lebura. A can matata ta haihu, kwana tara ta rasu, ta bar mini 'ya mace. Na fara gwada madarar shanu daga rugar Fulani, yarinya ta amayar. Na gwada ruwan koko, ta ƙi. A kwana na uku kukanta ma ya daina fita, sai buɗe baki kawai.

Akwai wata Bagwariya a gefen bariki da ake kira Uwar Yara. Mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. Matan da ke fita wankin zinariya a rafi suna ajiye mata 'ya'yansu da safe, su karɓa da la'asar, su kawo mata dawa ko itace. Na taɓa kai ƙararta saboda juji. Duk da haka na ɗauki 'yata na tsaya a ƙofarta. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce, "Miƙo ta, Dubagari. Ita ba ta kai ƙarar kowa ba." Ta sa mata nono, yarinya ta kama.

Wata biyu muna haka, sai takarda ta iso. Duk gidan da ake tara 'ya'yan mutane dole a duba shi a ba shi takardar izini, wanda ya kasa a rufe. Likita Bature zai zo nan da kwana biyar ya ga abin da na rubuta. Na karanta wa Uwar Yara. Ta ce, "In an rufe, dawa ta yanke. Sai in koma wurin danginmu bayan daji, tafiyar kwana uku." Ba ta ce komai game da 'yata ba. Babu wata mai shayarwa a barikin da za ta karɓe ta, na riga na tambaya gida gida.

Na yi aikin bisa tsari. Na fara da ɗaki: a share yake, akwai taga. Na koma kan tukwane da randa: kowacce da murfi. Na jera yaran su goma sha ɗaya, na duba idanu, na duba kai, na duba shaidar lambar rigakafi a hannu. Biyu suna gudawa, na rubuta. Sannan na ɗaura igiya a bakin rijiya na nufi shadda.

Na kai da ƙulli takwas a hannuna.

Na sake aunawa. Takwas ɗin dai.

Uwar Yara tana zaune, ɗanta a nono ɗaya, 'yata a ɗaya. Ta ce, "Ja ta ta bayan rumbu mana. Mu ma in za mu shadda ta can muke bi."

Zan faɗi gaskiya, na ja. Na zagaya rumbu, igiya ta ƙare sauran taku biyu. Na rubuta talatin, na rufe littafi. Ina naɗe igiyar ke nan Uwar Yara ta miƙe ta jefa guga, ta cika ƙoƙo, ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana ba su. Ta tsoma yatsa ta ɗiga wa 'yata a baki. Na tsaya ina kallon ruwan. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya zagaya rumbu, an koya mana wannan a Zariya. Na buɗe littafi na goge, na rubuta ashirin da biyu.

Ta ce, "Me ka goge?"

Na ce, "Ƙarya."

"To, ka ba 'yarka gaskiya ta sha."

Dabara ɗaya ta rage, a cike tsohuwar shadda a haƙa sabuwa inda igiya ta ƙare. Gabas rafi ne, kudu rijiyar maƙwabta, yamma hanya. Arewa kaɗai ta rage, kuma arewa marmara ce. Na ari diga na fara ni kaɗai. Kafin azahar tafin hannuna ya fashe, ramin bai kai idon sawu ba.

Leburori suka tsaya suna kallo a hanyarsu ta komawa gida. Wani da na taɓa sa aka ci shi tara ya ce, "Malam, ka auna ramin da igiyarka, wataƙila ya ji tsoro ya zurfafa!" Aka yi dariya. Na roƙe su. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba na cire hula na ce su taimake ni don Allah. Ba wanda ya motsa.

Uwar Yara ta fito ta nuna mai maganar da ludayi. "Kai, ranar da matarka ta kwanta zazzaɓi, wa ya ba ɗanka nono? Shi da 'yar wannan mutumin nono ɗaya suka sha. Ƙanwar ɗanka ce, ko kana so ko ba ka so." Ya tofa yawu a hannu, ya karɓi digar. Mutum huɗu suka biyo shi.

Kwana uku muna sara. Rami ya kai gwiwa, sai muka tarar da fa, shimfiɗaɗɗen dutse. Diga ta yi tartsatsi, bakinta ya karye. Muka matsa gefe, fa ɗin ne dai. Na zauna a bakin ramin, hannu duk jini, na rasa abu na gaba. A rayuwata kullum na san abu na gaba, ran nan ban sani ba.

Likita ya zo da hantsi tare da tafinta. Ya karanta littafina, ya ga wurin da aka goge, ya dube ni. Ya auna da nasa ma'auni, ya leƙa raminmu. Tafinta ya ce, "Ya ce gidan yana da tsabta, amma yara ba za su sha wannan rijiya ba. Za a rufe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gidan za a rufe ko rijiyar?"

Tafinta ya mayar. Likita ya ce in an toshe rijiya, wa zai kawo ruwan yara goma sha ɗaya kullum daga rijiyar bariki? Nisanta ya kusa mil guda. Iyayen suna fita tun asuba, Uwar Yara ba ta iya barin yara.

Na ce, "Ni."

Ya tambaya sau biyu ko na fahimta. Sannan ya rubuta izini na wata uku, da sharaɗin in ya dawo ya tarar da randa ba ruwa ko rijiya a buɗe, a rufe gidan nan take. A gabansa muka jera itatuwa a bakin rijiyar muka shafe da laka.

Washegari na sayi garwa biyu da sanda. Sawu huɗu kafin in tafi aiki, biyu bayan la'asar. Ranar farko na zubar da rabi a hanya. Uwar Yara ta gyara mini zaman sandar, ta ce, "A kafaɗa sosai, kamar matanmu. Da ma kanka ya yi tauri da yawa, ba ya ɗaukar kaya." Leburori suka daina ce mini Dubagari, suka koma Malam Garuwa. Na amsa.

An sabunta takardar sau shida. Ranar da aka yaye 'yata na kawo ruwan kamar kullum, na cika randa, na rufe. Sannan muka zauna da iyayen sauran yaran, na rubuta wa kowa ranarsa ta ɗaukar ruwa. Tawa Talata ce.